Kun Tambayi Sunan Aljanin, Wa Ya Tambayi Sunan Ciwon?

Na gaji da muhawarar da ake tafkawa a kan fina-finan aljanu a yankin nan namu, kuma yau ba zan tauna magana ba. Duk sanda wani fim na yarinyar da iska ta shiga ya zagayo, daga shagunan masu tura fim a waya a Jega, zuwa ɗakunan ɗalibai a Aliero, zuwa majalisun dare a Maiyama, hirar ba ta canzawa. 'Yan kallo su ce: "Wallahi hakanan abin yake, wagga ɗiya ta fim da ɗiyar maƙwabtanmu duk ɗaya na." Masu ganin sun san kan fim su ce hodar da aka shafa wa jarumar ta yi yawa, hasken bai yi ba, labarin ma daga Turawa aka sato shi. Masu wa'azi su ce an yi wasa da ayoyi, malamin cikin fim ɗin ko Fatiha bai iya ja ba. Kowa ya faɗi tasa a watse. Duk wannan surutu, babu mai tsayawa ya ce: shin me ke damun yarinyar nan? Ita kuma ɗiyar maƙwabtan da aka buga misali da ita, tana ina yanzu, wa ya duba ta?

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Fim ɗin aljanu ya tashi daga abin kashe dare, ya koma ma'aunin da jama'a ke auna cuta da shi. Kuma darasin da yake koyarwa guda ɗaya ne, ko a wace ƙasa aka shirya shi. Za a nuno yarinya budurwa, kusan kullum mace ce. Za ta fara firgita cikin barci, muryarta ta yi kauri, idanunta su juye, jikinta ya sandare. Za a kai ta asibiti, a ɗebi jini, a ɗauki hoton kai, likita ya cire tabarau ya girgiza kai ya ce bai ga komai ba. Daga nan sai mai addini ya shigo, a ɗaure ta a gado, a yi ta ihu har aljani ya faɗi sunansa. Wanda ya kalli irin wannan fim sau goma ya haddace abu biyu ko bai sani ba: likita ɓata lokaci ne, ɗauri da tsawa kuma magani ne.

Wannan tsari yana da uba. Ranar 26 ga Disamba 1973 aka fara nuna The Exorcist a gidajen sinima na Amurka. William Friedkin ne ya ba da umarni, daga littafin William Peter Blatty, labarin wata yarinya 'yar shekara 12 da limaman Katolika biyu suka yi artabu da shaiɗanin da ya shige ta. Mutane suka yi ta bin layi cikin sanyin hunturu, wasu suka suma a kujera, wasu suka yi amai. Masu sharhi suka rabu: Roger Ebert ya ba shi cikakken maki, Pauline Kael da Vincent Canby suka yi masa kaca-kaca. An zaɓe shi takarar Oscar a rukuni 10, ya ci 2. A 1975 wani likitan ƙwaƙwalwa, James Bozzuto, ya wallafa bayanin mutum huɗu da suka rikice har sai da suka ga likita bayan sun kalle shi. Amma ga abin da ya fi tsaya mini a rai: cikin wuraren da aka fi ruwaito cewa 'yan kallo sun suma har da wurin asibiti, inda aka soka wa yarinyar allura a wuya jini ya yi tsartuwa. Wato tun ranar farko, fim ɗin ya mayar da ɗakin likita wurin azaba marar amfani. A ƙarshe ma likitocin da bakinsu suka ce wa uwar ta nemi mai korar shaiɗan.

Shekara uku ba su cika ba, sai ga abin ya faru da mutum mai jini da tsoka. Anneliese Michel budurwa ce Bajamushiya daga garin Klingenberg. Tun tana 'yar shekara 16 ta fara faɗuwa, likitoci suka tabbatar farfaɗiya ce, daga baya ciwon damuwa ya haɗu mata. Ita da iyayenta suka gamsu shaiɗanu ne. Aka bar asibiti. Limamai biyu suka yi mata zaman korar shaiɗan har sau 67 cikin kimanin wata goma, suna naɗar muryarta a kaset. Ranar 1 ga Yuli 1976 ta mutu tana da shekara 23, yunwa da ƙishirwa suka kashe ta, nauyinta bai wuce kilo 30 ba. A 1978 kotu ta kama iyayen da limaman biyu da laifin sakacin da ya jawo kisa, ta yanke musu ɗaurin wata shida na jeka-ka-gyara-halinka.

To, me masu fim suka yi da gawar wannan baiwar Allah? A 2005 Amurkawa suka fitar da The Exorcism of Emily Rose, suka liƙa masa tambarin labarin gaskiya. An kashe kusan dala miliyan 19, an kwashe sama da miliyan 140. Masu sharhi da yawa sun ce fim ɗin bai taka kara ya karya ba, 'yan kallo kuwa suka yi masa ruwan kuɗi. A cikinsa limamin ne abin tausayi, har aka kawo wata masaniya gaban kotu tana cewa maganin asibitin da yarinyar ke sha shi ya hana korar shaiɗan yin aiki. Ku sake karanta wannan. Yarinya ta mutu bayan an bar magani, sai aka shirya fim da ke raɗa wa duniya cewa ƙila maganin ne mai laifi. Shekara guda bayan haka Jamusawa suka yi nasu, Requiem, babu muryar dodo, babu kai mai juyawa, sai yarinya marar lafiya da iyali masu ƙaunarta suna tura ta rami da hannunsu. Jarumar, Sandra Hüller, ta ci kyauta a bikin fina-finai na Berlin. Tambayi duk mai tura fim daga Jega har Koko ko ya taɓa jin sunan wannan na biyun.

Kada wani ya ce mini ai wannan na Kiristoci ne. Ƙasashen Musulmi sun ɗauki ƙashin bayan labarin nan, suka cire masa gicciye suka naɗa masa rawani. Turkiyya ta yi jerin Dabbe tun 2006 da jerin Siccin tun 2014. Malesiya ta yi Munafik a 2016, labarin wani ustazu mai ruƙiyya, ya yi kasuwar da har aka yi masa na biyu a 2018. Waɗannan sun fi na Turawa shiga ran yaranmu, domin suna jin ayoyin da suka sani, suna ganin darduma da carbi, sai su ɗauka darasin addini suke kallo. Alhali ɗan kasuwa ne ya zauna ya lissafa minti nawa za a yi kafin a razana mai kallo.

Wanda ke ganin fim ba ya shiga jikin mutum, ya tambayi mutanen Kano abin da ya faru a ƙarshen 1995. 'Yan matan sakandare suka fara faɗuwa a makarantu, abu ya yaɗu ya kama ɗaruruwa. Mai bincike Conerly Casey, wadda ke Kano a lokacin, ta rubuta cewa abin da mutane suka riƙa faɗa shi ne yaran suna rawa irin ta fim ɗin Indiya. Aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuka, sunan ya cika gari, kaset ɗin ruƙiyya ya shiga kasuwa. Ko me mutum ya ɗauka game da asalin abin, akwai tambayar da ba ta kauce wa: a ina aljana ta koyi rawar Indiya? Abin da ido ya saba gani, shi jiki ke maimaitawa ranar da rai ya ƙuntata. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan lalura, sun san tana yaɗuwa a inda aka tara matasa cikin matsi da fargaba, kuma sun san taron 'yan kallo ƙara mata wuta yake yi.

Na san abin da wani ke shirin faɗa: wannan ɗan boko ne, ya ƙaryata aljanu. Ahir ɗinka. Aljanu halittar Allah ne, sura guda ke ɗauke da sunansu a Alƙur'ani, ruƙiyya da ayoyin Allah kuma ta tabbata a sunna. Rigimata da wanda ya mayar da kowace faɗuwa aljani ce, kuma malaman da muke taƙama da su ba su yi haka ba. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya kasa farfaɗiya gida biyu: wadda ke zuwa daga miyagun ruhohi, da wadda ke tasowa daga jiki, ya ce ta biyun fagen likitoci ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin daula a kansa, ya zauna ya rubuta littattafai a kan ciwon ido da basir da magungunansu. Mu da muke zaune a ƙasar Gwandu, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, jikokin masu tawada da bincike, yau mun koma ɗaukar ilimin cuta daga bakin daraktan fim na Istanbul. Wannan ci baya ne, ko da an yi masa ado da larabci.

Ku dubi abin da ke kashe mu a zahiri. A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta tabbatar da mutuwar mutum 26 a ɓarkewar sanƙarau, akasarinsu a Gwandu da Jega da Aliero. Ba ina cewa jinkirin zuwa asibiti ne ya kashe su ba, Allah ya jiƙansu. Ina cewa ku karanta alamomin ciwon: zazzaɓi mai zafi, sandarewar wuya, sambatu, gushewar hankali, jijjiga, ƙin haske. Ku ɗora su kusa da abin da fim ke nuna muku a matsayin shigar aljani, ku gaya mini bambancin da uwa a ƙauye za ta gani da tsakar dare. Sanƙarau na iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Daren da aka kwashe ana hayaƙi ana tambayar "wane ne kai, daga ina ka hito", shi ne daren da allura za ta iya ceton rai.

Haka zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kan yaro. Haka jijjigar masu ciki, wadda hawan jini ke kawowa, wadda allurar da ke tsayar da ita ba ta da tsada, amma sai a ce mayu ne ko iska, a tsaya turare har uwa da ɗa su tafi. Haka farfaɗiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. Bakwai cikin goma! Amma a nan yarinya mai farfaɗiya sai a cire ta daga makaranta, a ware mata kwano, a ce yawunta na yaɗa ciwon, wanda ƙarya ce tsagwaronta, a ce tana da mijin aljani, manema su gudu. Mun manta shekaru nawa muka yi muna cewa aljana ce ke shanye ƙafafun yaranmu, har ɗigon rigakafi ya zo, aka wayi gari a Agustan 2020 an ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Aljanar ta yi ƙaura ne, ko kuwa dama ƙwayar cuta ce?

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Fim ɗin tsoro mafi muni da ke yawo a wayoyinmu ba daga Amurka ko Turkiyya ya zo ba, mu muke ɗaukarsa. Yarinya ta faɗi a makaranta ko a gidan biki, kafin a samu mai kawo ruwa an samu masu ɗaga waya goma. Ɗankwali ya faɗi, zane ya kwance, ƙarti sun danne ta, wani na zuba mata abu a hanci, wani na tsula mata bulala wai aljanin ake duka. Da yamma bidiyon ya shiga WhatsApp da TikTok, wani lokaci ma da lambar wayar mai maganin a ƙasa. Talla ke nan, da mutuncin ɗiyar mutane. A fim, in an gama ɗauka jaruma takan wanke fuska ta karɓi kuɗinta. Wannan kuwa gobe za ta fito da tabon bulala a baya, ga suna ya bi ta har ɗakin aure, in ma an aure ta.

Masu wannan aiki sun san hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ta zaɓi haƙuri da ciwon, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi, aka kuma yi mata. Abin da ya dame ta ke nan, suturarta. Kai da ke kiran kanka mai raya sunna, kana haska fuskar ɗiyar wani tana birgima a ƙasa domin ka tara mabiya, a wane babi ka karanta haka? Malaman kirki masu ruƙiyya suna nan, na san da su: ba sa duka, ba sa keɓewa da mace, ba sa ɗaukar hoto, kuma su ne na farko da za su ce a je a auna jini. Shirunsu a kan 'yan damfarar da suka cika fagen shi ne abin da ban gane ba.

Ba zan ɗora wa talaka laifin duka ba. Uban da ya kai ɗiyarsa wurin mai hayaƙi, sau da yawa abin da ke kusa da shi ke nan kuma abin da aljihunsa zai iya. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Mutumin Maiyama da ke neman babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya sai ya wuce Jega, ya ratsa Tambuwal, ya shiga Sakkwato, ya kai Kware, ga kuɗin mota ga na kwana. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Kafin nan, a Satumban 2019, duniya ta ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga wani gida a Rigasa ta Kaduna: mutum sama da 300, da yawa da mari a ƙafa. Inda hukuma ta bar giɓi, sarƙa da bulala ke cikewa. Muna da kwalejin kimiyyar lafiya a Jega, muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006. Me zai hana duk ma'aikacin lafiyar da zai fita daga Jega ya fita ya iya gane farfaɗiya, ya san abin yi a mintunan farko, kuma a ajiye magungunanta a asibitocin karkara?

Mutanen Aliero sun fi kowa sanin amsar wannan rigima, domin tana cikin garinsu. Daga nesa ake ɗauko mai karaya a kawo shi wurin masu ɗori. Mai ɗori yana bisimilla, yana tofi, amma ba ya tsayawa nan: sai ya ja ƙashin ya mayar da shi mazauninsa, ya jera karare ya ɗaure. Da zai zauna yana tambayar ƙafar wane aljani ya karya ta, da tuni an daina zuwa. Addu'a da aikin hannu tare suke tafiya, haka muka gada. Don me ƙwaƙwalwa kaɗai za a ce ita ba ta da haƙƙin a duba ta?

Ba na neman a hana fim. Hani ba ya hana waya, kuma tsoro na cikin abin da ɗan Adam ke biyan kuɗi ya saya tun zamanin tatsuniyar Dodo. Hukumar tace fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, ta fi damuwa da rawa da sutura, ban kuma sa ran ita za ta gyara wannan ba. Abin da nake nema a wurin masu shirya fim na Hausa shi ne su daina lalaci. Indiyawan da muke kwaikwayo sun yi Bhool Bhulaiyaa a 2007, da Akshay Kumar da Vidya Balan: ga tsoro, ga dariya, ga tsohon gida mai fatalwa, a ƙarshe likitan ƙwaƙwalwa ne ya gano ciwon matar, ya haɗa kai da malamin addininsu aka yi mata magani. Fim ɗin ya yi kasuwa. To ina namu labarin, na yarinyar da aka yi shekara uku ana yi wa hayaƙi, ƙwaya ɗaya safe da yamma ta mayar da ita aji? Ina fim ɗin da zai nuna malami yana cewa "ku ɗauke ta mu tafi asibiti, ni ma zan bi ku ina karatu a mota"?

Ku kuma masu sharhi, a rediyo ko a Facebook, aikinku ya wuce auna kwalliya da ƙirga kurakuran tajwidi. In fim ya nuna likita a matsayin wawa, ku faɗa. In ya nuna dukan marar lafiya a matsayin waraka, ku kira shi da sunansa. In ya ce labarin gaskiya ne, ku binciko gaskiyar ku gaya wa jama'a yadda ta ƙare da mai labarin.

Shugabannin makarantu su kafa doka: ɗalibar da ta faɗi, a kore taro, a rufa mata jiki, a kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata cokali ko wani abu a baki, a kira ma'aikacin lafiya, duk wanda ya ɗaga waya kuma a karɓe ta. Limaman Juma'a na Jega da Aliero da Maiyama su hau mumbari su faɗa da baki ɗaya cewa duka ba ruƙiyya ba ne, kuma kai marar lafiya asibiti ba raunin imani ba ne. Iyaye kuma, in ɗiyarku ta faɗi, ku yi addu'a iya ƙarfinku, amma ku yi ta a kan hanyar asibiti. Duk wanda ya ce muku "wanga ciwo ba na allura ba na" alhali bai auna zafin jikinta ba, bai san hawan jininta ba, ku tambaye shi inda ya yi karatu. In ya rasa amsa, ku fitar da shi daga gidanku, in kuma ya riga ya ɗora mata bulala, ku kai shi gaban hukuma.